Daren da Baba Ya Kira Ni Sau 17

Sana'ata gyaran waya, a kasuwar Farm Centre da ke Kano. A wuni nakan buɗe cikin waya goma ko fiye: wannan gilashinta ya fashe, waccan ba ta ɗaukar caji, wata ta faɗa bokitin wanki. Wani lokaci da hantsi sai ka ga yaro sanye da kayan makaranta ya lallaɓo, ya zaro waya daga cikin safa yana waige-waige, ya ce, "Yaya, don Allah a duba min kafin a tashi." Abokan aikina sukan yi masa tsiya su yi dariya. Ni dariyar ba ta zo min, don ta nan na biyo, kuma abin da na baro a hanyar har yau yana ci na.

Mahaifina hatsi yake saye da sayarwa a Dawanau. Ba babban dila ba ne, yana cikin waɗanda kan sayi buhu goma da kaka su ajiye su jira bazara. Bai yi boko ba, amma ya ƙwallafa rai sai na zama likita, ni kuma a lokacin ban ba shi kunya ba. Tun da na shiga sakandaren kwana ba na wuce na uku a aji. Ina kuma da ƙaiƙayin hannu. Tun ina firamare nake zama a rumfar wani maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, har na iya ɗan haɗe-haɗen wayar wuta. In ƙwan lantarki ya mutu a aji, ni ake kira. Malamin lissafinmu ne ya laƙaba min "Injiniya", sunan kuwa ya bi ni.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ina aji huɗu. Mun fi wata shida a gida. Aka ce a riƙa bin darasi ta rediyo, wasu malaman kuma suka buɗe guruf a WhatsApp suna turo aiki. Da wannan hujjar yayana ya riƙa bar min wayarsa da daddare. Darasin bai fi minti ashirin ba, sauran daren na ƙwallo ne da barkwanci. A nan na ɗanɗana. Amma da muka koma a watan Oktoba na bar masa kayarsa, kwana uku kewar ta sake ni. Da a nan abin ya tsaya, da ba ni da labarin bayarwa.

Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da dare, suka kora ɗalibai sama da 300 daji. Har aka sako yaran bayan kwana shida rediyo bai bar kunnen Baba ba. Ana gobe zan koma makaranta, a watan Janairu, bayan sallar isha ya kira ni ɗakinsa. Ya ciro ƙaramar Nokia mai tocila, irin wadda ake ce wa rakani-kashi. A lokacin gwamnati ta dakatar da sayar da sabon layi saboda batun haɗa layuka da lambar NIN, don haka layinsa na biyu, wanda abokan cinikinsa na ƙauye ke kiransa da shi, ya cire ya saka min.

Ya ce, "Ka san dokar makarantarku ta hana wannan."

Na ce, "Na sani, Baba."

"To ni ma na sani. Ba don hira na ba ka ba. Ka kashe mata ƙara, ka ɓoye. Duk Juma'a ka yi min filashin in san kana lafiya. In kuwa ka ji wani motsi da dare, ka kira ni kafin ka sa takalmi."

Inna ta farke matashina ta cusa wayar cikin auduga, ta ɗinke da zare irin na asali. A bakin get hausmasta da firifet suka zazzage akwatina, suka caka sanda cikin garin kwaki, suka matsa matashin sau biyu, suka ce in wuce.

Da na shiga sai na tarar ashe ba ni kaɗai aka ɗinka wa matashi ba. Bayan an kwashe 'yan matan Jangebe 279 a ƙarshen Fabrairu, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari, tamu ba ta ciki, sai abin ya ƙaru. Ranar bizitin uwa da kanta za ta naɗe waya a leda ta binne a ƙasan kular shinkafa. Nakan ji malamai suna cewa iyaye ne ke lalata tarbiyya da sayen waya. Da gaskiyarsu, amma rabi. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin nisan makarantar ɗansa da bakin daji ba, ba zai gane abin da ke sa dattijo mai tsoron Allah ya koya wa ɗansa ɓoye abu ba.

Matsalar masu waya ɗaya ce, caji. Ba soket a ɗakin kwana, wutar gari kuwa sai a yi mako ba a gan ta ba. Janareto kawai ake tayarwa daga bakwai zuwa goma saboda firef, wato karatun dare. Na lura wayar da ke kai wuta ajujuwa ta bi ta saman wani sito a ƙarshen ɗakinmu. Wata Asabar ana leba na haura cikin silin, na fere ta, na ɗaura soket mai baki shida. Ƙaramar waya naira 50, babba naira 100. Kafin zangon ya ƙare na tara abin da ban taɓa riƙewa ba. Na sayar da rakani-kashin Baba, na cika, wani mai kawo itace kicin ya sayo min babbar waya ta hannu mai tsagaggen gilashi. Na mayar da layin cikinta. Duk Juma'a filashin na zuwa, lambar ba ta canza ba, hankalin Baba kwance.

Ga yadda waya ke cin ɗalibin kwana, ni da na gani daga ciki. Kamfanonin waya suna da garaɓasar data ta dare, daga sha biyu zuwa biyar na asuba, da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Ɗalibi ba shi da kuɗin data ta rana, kuma ko yana da shi da rana idon malamai na kansa. Ke nan lokacin waya ya zama daidai lokacin barci. Sai ƙarfe sha biyu ka ga barguna sun fara haske daga ciki kamar an kunna aci-balbal a buhu. Kai biyar a kan waya ɗaya, iyafis ɗaya ana karɓa-karɓa. Da biyar da rabi a kaɗa ƙararrawar asuba. Mu yi salla ido rufe, mu yi shara, mu sha koko, mu tsaya asambuli, sannan darasin farko lissafi. Sau da yawa abin da nake tunawa shi ne malam ya rubuta kwanan wata a allo, sai kuma in farka in ga yana gogewa.

Rashin barcin ma da sauƙi, ana iya ramawa ranar Lahadi. Abin da ban rama ba har yau shi ne zama. Da can nakan yi awa guda a kan tambaya ɗaya a firef, in juya ta nan, in juya ta can, har ta buɗe, kuma daɗin buɗewar nan ya fi min nama a dainin. Bayan wata uku da babbar waya, layi biyu zan karanta sai in ji hannuna ya tafi aljihu, alhali na san wayar tana cikin silin. Kaina ya saba da abin da ke canzawa duk bayan rabin minti, littafi kuwa ba ya motsi. Haddar izu biyar da na zo da ita daga Islamiyya ita ma ta fara zubewa, in ja aya sai ta kai ni wata sura.

Wata rana malamin lissafi ya tsayar da ni a baranda. Ya ce, "Injiniya, me ke damunka? Idonka kamar wanda ya kwana a bakin murhu." Na ce zazzaɓi ne ke kama ni da dare. Washegari ya kawo min maganin maleriya da ya saya da kuɗin aljihunsa, ya tsaya har na haɗiye na farko a gabansa. Malamin gwamnati, a ƙarshen wata. Lafiyata ƙalau na shanye maganin nan tas, don kunya.

Ba zan yi wa waya ƙazafi ba. Akwai wani a kwanarmu, shi sau biyu kawai a mako yake kawo caji. Ɗakin gwaje-gwajenmu kwalabe ne kawai babu komai ciki, shi kuwa sai ya sauke bidiyon yadda ake haɗa sinadarai ya kalla, ya zana a littafi, ya kashe wayar ya kwanta. Yanzu yana jami'a yana karatun haɗa magunguna. Sai dai cikin duk waɗanda na yi wa caji, kuma suna da yawa, shi kaɗai zan iya dafa Alƙur'ani a kansa.

A watan Yunin 2021, kwanaki kaɗan bayan an kai hari kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kowa a tsorace yake. Ranar an wuni ana ruwa, janareto bai tashi ba, ban samu caji ba, amma hakan bai hana ni kallo ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, saura kaɗan wayar ta mutu, sai saƙon murya ya shigo a guruf ɗin samarin unguwarmu. Wani mutum ne yana haki, yana cewa an ga babura sun fi hamsin sun nufi makarantar kwana ta maza, duk mai ɗa ya yi ta kansa. Bai faɗi gari ba, bai faɗi rana ba. Ni ma ban tsaya tambaya ba. Na tashi abokaina biyu, na cire iyafis na kunna musu a fili. Yana ƙarewa wayar ta ɗauke. Daidai lokacin kuma sai ga ƙarar babur daga wajen gidajen malamai.

Wani daga gadon sama ya ƙwalla, "Sun zo!"

Ƙofa ɗaya ce a ɗakin, mu kuwa mun fi sittin. Wasu suka bi taga. Kafin ka ce kwabo ihun ya zagaye duk ɗakunan, yara ɗaruruwa suna gudu cikin duhu da taɓo, ana tattake juna, ana salati. Ni gonar makaranta na faɗa, na kwanta rubda ciki tsakanin kunyoyi, wayar tana hannuna. A nan maganar Baba ta dawo min, ka kira ni kafin ka sa takalmi. Na danna, na sake dannawa, na cire murfi na goga batir a riga kamar yadda muke yi wa na rediyo. Shiru. Rakani-kashin da na sayar takan yi kwana biyar da caji ɗaya.

Waɗanda ke da caji suka kira gida. Daga gida zuwa gida labari ya isa wa Baba wajen ƙarfe biyu, kuma kafin ya iso gare shi an riga an ce an kwashe mu. Da na kunna wayar daga baya saƙon kamfani ya nuna ya kira ni sau 17. Da bai samu ba ya tashi yayana, suka hau babur cikin ruwan nan, tafiyar kusan awa biyu, a hanyar da ko da rana mutane ke addu'a kafin su bi.

Gari na wayewa bakin get ya cika da iyaye. Babur ɗin da muka ji, ashe wani malami ne ya fita nemo mota matarsa na naƙuda. Saƙon muryar kuwa tsoho ne, daga wata jiha, ya yi watanni yana yawo. Na hango Baba a cikin taron, rigarsa sharkaf, kansa ba hula. Tun da nake ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba. Ya kama kaina da hannu biyu yana jujjuyawa kamar mai duba kankana, bakinsa na rawa. Sai can ya ce, "Me ya sa ba ka ɗauka ba?"

Na ce, "Caji ne ya ƙare, Baba."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Caji." Bai ƙara komai ba.

Akwai wani yaro ɗan aji ɗaya, shekararsa sha biyu, yaron ɗakina ne. Shi ke ɗebo min ruwa, ni kuma in ba shi gari da suga in hana sinyoyi taɓa shi. A daren ya haura katangar bayan kicin, santsi ya kwashe shi ya faɗa ramin da ake zubar da toka, cinyarsa ta karye. Sai da asuba aka ji kukansa. Aka tafi da shi gida wajen mai ɗori, bai sake dawowa makarantar ba.

Aka yi bincike ɗaki-ɗaki. Wayoyin da aka tara sun kusa cika bokiti biyu, shugaban makaranta ya sa aka farfasa su da guduma a gaban asambuli. Tawa tana cikin silin, ba wanda ya ɗaga kai. Aka yi ta tambayar wanda ya kawo labarin, abokaina biyu suka yi gum, don su ma suna da abin ɓoyewa. Ba a taɓa kama ni ba. Da an zane ni a gaban asambuli an kore ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Za ka ce daga nan na tuba. Mako ɗaya na yi. Kafin wata ya zagayo soket ɗina ya sake cika, don iyayen da suka kwana a bakin get su ne suka fara aiko da sababbi. Aka yi kwalifayin, jarrabawar da gwamnatin jiha ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita, na faɗi. Baba ya fitar da geron da ya ajiye tun farashi bai tashi ba, ya biya min. A 2022, da na ga ba abin da ke kaina, na tura naira 3,000 wa wasu masu guruf da suka ce suna da amsa. Tsakar dare suka turo, na kwana ina haddacewa, da safe takarda ta zo da wasu tambayoyin daban. Sakamako ya fito ba lissafi, ba kemistiri, ba Turanci.

Sai a azumin 2023 na iya buɗe baki. Bayan an sha ruwa na same shi a kan tabarma, na faɗa masa komai, tun daga silin har zuwa ramin toka. Na ɗauka zancen wayarsa da na sayar zai yi, ko geronsa, ko likitancin da ya bi ruwa. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaron nan, ina ne gidansu?"

Mota biyu muka hau kafin mu isa garinsu, da kwanon gero biyar da suga. A zaure, kafin in ce uffan, Baba ya riga ni. Ya ce, "Alhaji, haƙƙinku muka zo a yafe mana. Ni na fara karya dokar, ni na ba shi wayar da hannuna." Sannan ya sa na maimaita abin da na yi, ban rage komai ba. Mahaifin yaron ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago ya ce, "Malam, ni ma da ina da kuɗin waya a lokacin da na saya masa. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya aika aka kira yaron. Ya girma, ya yi tsawo, amma in yana tafiya ƙafar hagu takan ɗan ja. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya juyo ya ce min, "Sinya, ina wuni." Har da tambayata ko ina nan ina gyaran wuta.

Bayan sallah Baba ya kawo ni kasuwar nan ya damƙa ni hannun maigidana.

A rumfarmu akan yi musu a kan wannan batu, musamman in an ji a rediyo cewa Faransa tun 2018 ta kafa dokar hana yara amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare, ko kuma hukumar UNESCO a 2023 ta ja hankalin ƙasashe a kan illar amfani da waya a aji. Ni ina bayan a hana babbar waya a aji da ɗakin kwana, ko da kuwa cinikina zai ragu. Amma guduma ba ta hana komai, ni shaida ne, ni na yi wa waɗanda suka maye gurbin fasassun caji. Uba a Faransa ba ya kwana da tunanin babura. Namu in ba a ba shi lambar da zai kira a ɗauka da ƙarfe biyun dare ba, matashi zai sa a farke. Yaran da ke zuwa min da kayan makaranta kuwa, nakan ce su dawo bayan la'asar. Wasu su dawo, wasu su matsa rumfar gaba.

A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga a jihar Kaduna, a watan Satumba kuma autarmu ta samu makarantar kwana ta 'yan mata. Ana gobe za ta tafi na shiga ɗakin Inna na tarar da ita da matashi a cinya, da allura da zare. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah wannan karon a bar ni da shi." Na sayi ƙaramar waya mai madanni, na kai wa metiron ɗinsu da hannuna, muka yi da ita duk Juma'a da yamma za ta ba Auta ta kira gida ta karɓe.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "To in dare ya yi fa?"

Ranar da muka kai ta, muna sauke akwati, na neme shi na rasa. Can na hango shi a ɗakin maigadi, sun zauna a benci ɗaya, yana ba shi goro, maigadin yana karanto masa lamba yana dannawa da yatsa ɗaya. Duk wata yakan tura masa kati, ni kuma ya sa na canza wa wayar maigadin batir. Ko jiya bayan isha ina jin sa daga soro, ya ɗaga murya yadda yake yi in sabis ba kyau: "Malam, ya dare? Yaran duk sun shiga?"